Laya a Jakar Matuƙi

Hyattsville, 14 ga Yuli, 2002

Zuwa ga kakata, amaryata, Hajiya Hansatu ta Katsina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta, damina kuma ta sauka lafiya. Ki gaida duk wanda ke cin tuwona a bayan idona, ki shaida masa mai gidan yana nan da ransa.

Ni dai ina nan shagon Alhaji Mumin ɗan Kumasi a Wheaton, ina sarar nama tun safe har la'asar. Ranar Asabar kuma in je Bowie gidan taubashina Hafiz in biya wa 'yarsa Aliyya karatu, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci.

Kin ce in riƙa ba ki labarin Hafiz, tunda shi bai iya ajami ba, ke kuma ba ki san boko ba. To ga labari, kuma ba mai daɗi ba ne. Tun abin da ya faru bara, da aka ƙwace jirage aka buga su a benaye, mutanen nan ba su dawo hayyacinsu ba. Yanzu Majalisarsu muhawara take yi: a ba matuƙa jirgi bindiga, ko kada a ba su. Jikanki matuƙi ya ce a ba su, kuma ranar da aka buɗe rajistar masu goyon baya shi ne na farko a layi.

Ran Lahadi muna cin masa a gidansa, matarsa Hidaya ta tayar da zancen. Ta ce, "Abban Aliyya, hannu biyu Allah ya ba ka. Wanne zai riƙe jirgi, wanne zai riƙe bindiga? In harsashi ya kuskure ya sami ɗan wani fa? Ai an ce za a sa muku ƙofar ƙarfe."

Ya ce, "In ƙofar ta karye fa? Kin san abin da ya rage? Jirgin yaƙi ya taso ya harbo mu gaba ɗaya, ni da mutum saba'in. Gara harsashi ɗaya a hannuna."

Na ga wurin ya yi nauyi, sai na ce, "Jama'a, a tuna fa, wannan bawan Allah shi ne ragon layya ya kora har ya faɗa kwandon gari. Shi za a ba bindiga? Ai sai dai a ba ragon."

Hidaya ta yi dariya har ta ƙware. Shi bai yi ba. Ke kin san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji babu fushi, tun muna ƙanana in na jefa masa ɗaya sai ya rama biyu. Ranar kuwa kallona kawai ya yi ya ture kwanon. Ya rame, Kaka. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Akwai abin da ban faɗa a wurin ba. In an ce wa mai bindiga ya lura da mai kama da ɗan fashin jirgi, wa ake nufi? Na duba madubin shago na ga gemuna da hulata, ban ji daɗin amsar ba.

Wannan ta hannun Alhaji Maitama mai kai motoci Kano. Na sa miki man zafi kwalba biyu, kada ki raba wa kishiyoyina maza. Ki sa mu a addu'a.

Angonki,
Ɗanliti

*

Katsina, tsakiyar damina

Zuwa ga Ɗanliti, mijin banza da ba ya cefane,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka da man zafi, Allah ya yi albarka. Mutan gida duk lafiya, gero ya yi kyau. Zancen bindigar nan na riga na ji shi a rediyo, ban san har ya shigo gidana ba.

Ka saurara. Kakanku ya sayi bindigar toka saboda ɓarayin shanu. Shekara ashirin tana rataye, ɓarawo bai zo ba. Wanda ta samu ƙanensa ne, ya dawo daga fatauci ba a san da zuwansa ba, ya taɓa ƙyaure. Har ya mutu yana jan ƙafa, kakanku kuma har ya mutu bai ƙara haɗa ido da shi ba. Bindiga ba ta son zaman banza. In ta rasa baƙo, na gida take ci. Wannan a ƙasa ke nan, inda akwai wurin gudu.

Na san Hafiz ba zai ji maganata ba, boko ya cika masa kunne. Don haka ga aikenka. Duk jikokina kai kaɗai ka sauke, hannunka kuma yana da kyau. Ka yi alwala ka rubuta masa ayoyin tsari da addu'ar matafiyi, ka naɗe, ka ɗinke da fata. Ka sa a cikin jakar da yake shiga jirgi da ita, can ƙarƙashin shafi inda ba zai gani ba. In ka ba shi a hannu zai karɓa don kunya ya jefa a durowa. Kada ka gaya masa, kada ka gaya wa matarsa.

Niyyata biyu ce: Allah ya tsare shi, Allah kuma ya raba hannunsa da ƙarfen nan.

Ɗanliti, na san halinka. Ban da wasa a wannan aiki.

Allah ya tsare ku a ƙasar mutane.

Kakarka,
Hansatu

*

Hyattsville, 9 ga Satumba, 2002

Zuwa ga amarya mai aiken sirri,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar da ta fi ta kowane jika. Aike ya isa.

Nan babu baduku, don haka tsohon takalmin da kika saya mini na yanka. Zare kuwa na sakace haƙori na samu, irin nasu mai ƙamshin na'ana'a. Na yi alwala na rubuta ayoyin da tawada mai kyau, ko ɗigo ban bari ba. Ran Asabar Hidaya na kicin, Aliyya na haddace abin da na ba ta, na buɗe jakar na farke shafin ƙasa na tura na mayar da ɗinki. Tela ma sai ya sa tabarau.

Yanzu kada ki ɗaga murya. Kin ce ban da wasa a aikin, kuma ban yi wasa a aikin ba. Takardar ayoyi daban take, tsaf. Sai dai na naɗe wata 'yar ƙarama a bayanta, ta tsakanina da taubashina. Na rubuta: "Kyaftin, ranar da ka riƙe bindiga a sama, duk wanda ke jirgin ya yi kalmar shahada, don ba mai sauka da rai." Na zana jirgi ya yi ƙasa da kai, da rago a bayansa yana bin sa.

Lissafina, wata rana jakar za ta tsufa, ya farke ta ya gani, ya ɗauko ta ya kawo mini in karanta masa, tunda ba wanda zai karanta masa sai ni. Ki duba daɗin wannan, Kaka: in zage shi da bakina, shi ya biya kuɗin mai ya zo ya saurara. Wataƙila ranar ya yi dariyar da ya hana ni.

Majalisa dai har yanzu ana ja. Alhaji Mumin ya ce a ba su bindigar, masu sayen nama rabi na nan rabi na can. Jiya saura kaɗan wasu direbobin tasi biyu su daku a gaban firij saboda zancen.

A gaida mutan gida. Ladan aike, a soya mini dambun nama a ba Alhaji Maitama.

Naki har kullum,
Ɗanliti

*

Bowie, 28 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Lauyana ya hana ni wannan magana a waya, shi ya sa na rubuta. Na yi manyan baƙaƙen boko don ka iya bi. Hidaya za ta miƙa maka a shago.

Ranar Talatar makon jiya da safe, a wurin binciken kaya, na'ura ta nuna ƙulli a ƙasan jakata. Sau nawa ta wuce ba a lura ba, ban sani ba. Suka farke shafin suka fito da abu ɗinke da fata, suka yanka shi. Ina tsaye da kayan aikina da hulata, mutanen da zan ɗauka suna layi suna kallo. Daga nan aka wuce da ni wani ɗaki.

Tafintan Larabci ya karanta takarda ta farko ya ce addu'a ce. Ta biyu ya ce baƙaƙen nasu ne, harshen ba nasu ba ne. Kwana huɗu suka yi kafin su samo mai karanta ajami. Ya fassara musu daidai, bai ƙara ba bai rage ba. Aka zaunar da ni aka karanta mini da Turanci, a hankali, sau biyu. Ban taɓa jin maganarka babu dariyarka a ciki ba sai ranar. Sun tambaye ni ko ragon alamar wata ƙungiya ce.

An dakatar da ni daga tuƙi. Za a yi zaman bincike ranar 10 ga Disamba. Lauya ya ce in wanda ya rubuta bai fito ya yi bayani da bakinsa ba, da wuya in sake shiga ɗakin matuƙa, a wannan kamfani ko a wani.

Na ce musu ban san wanda ya sa ba. Da na faɗa da farko gaskiya ne. Bayan na ga ragon ƙarya ce, kuma na maimaita ta.

Ga dalilin wannan takarda. Bizarka ta ƙare shekara biyu da suka wuce. In ka shiga ɗakin nan da ƙafarka, ba za ka fito yadda ka shiga ba. Ni na kawo ka ƙasar nan, Hajiya kuma ni ta damƙa wa amanarka. Kada ka zo. Kada ka kira ni. Karatun Aliyya a dakata tukuna.

Abu ɗaya nake so ka sani, tunda ka mai da shi abin dariya. Ranar da aka ƙwace jiragen nan ina sama. Aka ce kowane jirgi ya sauka inda ya fi kusa. Minti arba'in muka yi kafin mu taɓa ƙasa, ina jin motsin mutane a bayan ƙofar da yaro ma zai iya banke ta. Abin da ke kusa da hannuna ɗan gatarin gobara ne. Har yau ra'ayina bai sauya ba, matuƙi ya cancanci abin kare kujerarsa. Abin da ya sauya shi ne, yanzu ni ne wanda ake so a rufe wa ƙofar.

Allah ya sa mu dace.

Hafiz

*

Hyattsville, 3 ga Nuwamba, 2002

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da gabatowar azumi. Yau babu amarya babu ango, Kaka. Na yi ɓarna.

An gano layar a filin jirgi. Ayoyin ba su dame su ba. 'Yar takardata ce aka fassara musu, suka ɗauke ta saƙon masu fashin jirgi. An hana Hafiz tuƙi. Ranar goma ga watan gobe za su zauna, in wanda ya rubuta bai bayyana ba, aikinsa ya tafi ke nan. In kuma na bayyana, takarduna sun mutu tun tuni, koro ni za a yi, in ma ba a fara ɗaure ni ba. Ya gane hannuna, ya ƙi faɗin sunana, ya rubuto mini kada in zo.

Ran Laraba na ari motar shago na bi ta layinsu, ban tsaya ba. Na gan shi da jallabiya yana share ganyen da ya zubo a ƙofar gida, da rana tsaka, ranar aiki. Jirgi ya wuce, ya tsaya da tsintsiyar a hannu yana bin sa da kallo har ya ɓace.

Da Hidaya ta kawo mini takardarsa ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Ɗanliti, na roƙi Allah kada ya riƙe bindiga. Ban roƙa a karya masa fiffike ba." Ta sayi naman kilo ɗaya don kada a ce ta shigo a banza, ta fita.

Alhaji Mumin ya ce in yi shiru, wai in kifi ya rufe bakinsa ƙugiya ba ta kama shi. Ya ce Hafiz yana da ilimi, zai sami wani aiki, ni kuwa ba ni da komai sai wuƙa da allo.

Na kwana biyu ina juya zancen bindigar nan, yanzu ba na iya yi masa dariya. Mutanen da suka karanta takardata ba ƙarya suka yi mini ba, abin da na rubuta suka karanta. Tsoro ne ya cika musu sauran. Su suna zaune a ofis da shayinsu, kwana huɗu gare su, amma ba su ga wasa a ciki ba. To mai bindiga a sama da yake da ƙiftawar ido ɗaya fa? Amma kuma da ni ne na zauna minti arba'in a bayan ƙofar nan da gatari, Allah kaɗai ya san abin da zan roƙa a ba ni. Ban san mai gaskiya ba, Kaka. Na dai san mai laifi.

Takardarki wadda kika ba ni aiken a ciki tana nan a cikin jakar allona. In zan je sai na kai ta, sunanki kuwa zai shiga littafinsu. Ba zan yi haka ba sai da izininki. Alhaji Maitama zai juyo kafin Sallah, ki ba shi amsa.

Ki yafe mini.

Jikanki,
Ɗanliti

*

Katsina, ashirin ga azumi

Ɗanliti,

Wa alaikumus salam. Mun sha ruwa lafiya, da fatan ku ma haka.

Laifin kashi biyu ne. Ni na aike ka a ɓoye cikin kayan mutum, kai ka yi wasa a inda aka hana ka. Nawa na kai shi gaban Allah a watan nan. Naka mutane ke jira.

Ka kai musu takardata. Na haura tamanin, biro ba ya ba ni tsoro. Ga taka ta watan shekaranjiya na mayar maka, wadda kake yabon kanka a ciki, ita ma ka kai su ga irin sakaran da suke tsoro.

Shekara goma sha biyu Hafiz ya yi yana neman kujerar nan. Nama kuwa ko'ina ana sarar sa, har a kasuwar gidanmu. Ka gaya masa amanar da na ba shi na karɓe abata, ba shi da sauran hurumin hana ka.

Ka je. Ka yi wanka ka sa farar riga. In sun tambaye ka, ka ba su amsa ɗaya-ɗaya. Ko sun yi abin dariya, ka danne.

Allah ya shige maka gaba.

Kakarka,
Hansatu

*

Hyattsville, 12 ga Janairu, 2003

Zuwa ga amaryata,

Assalamu alaikum, da gaisuwa irin ta mai dawowa.

Na je. Mutum biyar da tafinta, awa shida. Rabin lokacin ya tafi wajen bayyana musu mene ne taubashi, da dalilin da zai sa mutum ya zagi ɗan gwaggonsa don yana son sa. Wata a cikinsu ta sa na ba da labarin ragon sau uku. Na danne, kamar yadda kika ce. Daga nan suka riƙe ni kwana tara, alƙali ya ba ni kwana sittin in fita da ƙafata.

Hafiz ya koma tuƙi ran Litinin. Dokar bindiga ta wuce, za a fara koya wa matuƙa harbi. Ya tambaya, aka ce masa da wannan tabo a fayil ɗinsa kada ya sa rai. Kin roƙi a raba hannunsa da ƙarfen, an raba. Ban ce miki ya gode ba.

Shi ya ɗauko ni ranar da aka sake ni. Ya kai ni har Hyattsville. Sai da na buɗe ƙofa zan fita ya ce, yana kallon gaba, "Ragon dai ya yi kama da rago. Amma jirgin naka kwaɗo ne." Na bar masa wannan, Kaka, na sauka na rufe ƙofar a hankali.

Zan iso kafin babbar Sallah. A jirgi kuwa ko fitsari ya kusa kashe ni ba zan tashi daga kujerata ba. Ki share ɗaki, ki kori masu cin tuwona, ki tambayar mini ko ana neman mai sarar nama.

Sai na zo.

Angonki,
Ɗanliti